IN MAI ƘIRƘIRA YA KAI GWAMNATI ƘARA, ME JAMA'A KE IYA GANI?

Jama'a, jawabin wannan karo ya shafi wata irin shari'a wadda ba a cika jin labarinta ba, watau ƙarar da mai ƙirƙira yakan shigar a kan gwamnati in ta yi amfani da abin da ya ƙago ba tare da izninsa ba. An ɗauki ƙasar Amurka a matsayin misali, domin can an tanadar wa irin wannan ƙara doka ta musamman tun shekarar 1910, kuma an yi manyan shari'o'i a ƙarƙashinta waɗanda za a iya koyon darasi daga gare su. Mutane da yawa suna zaton duk abin da aka kai gaban alƙali ya zama na kowa da kowa, wanda ya so ya je ya karanta. A irin wannan shari'a kuwa ba haka abin yake ba. Abin da yake isa hannun jama'a ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma ya kamata a san dalilin haka, domin kuɗin da ake biya in gwamnati ta fāɗi daga baitulmali yake fitowa.

TAKARDAR MALLAKAR ƘIRƘIRA

Da farko ya kamata a fahimci abin da ake jayayya a kansa. Takardar mallakar ƙirƙira yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi mai ƙirƙira zai bayyana sirrin abin da ya ƙago filla-filla, da zane da bayani, yadda duk wani gwani a wannan fanni zai iya karantawa ya ƙera irinsa. Ita kuma hukuma sai ta ba shi iko na shekara 20 ya hana kowa ƙera abin, ko sayar da shi, ko aiki da shi, sai da yardarsa. In wa'adin ya cika, fasahar ta zama ta jama'a duka. Ke nan tushen al'amarin shi ne bayyanawa. Mai ƙirƙira ya riga ya buɗe nasa asirin tun kafin a fara wata rigima, kuma a Amurka ana buga yawancin takardun neman mallaka bayan wata 18 da shigar da su.

DOKAR ƘARAR GWAMNATI

Kafin 1910 mai ƙirƙira a Amurka ba shi da wata tabbatacciyar hanya ta ƙarar gwamnati a kan keta masa haƙƙi, domin a tsarinsu ba a ƙarar gwamnati sai inda ta amince a yi ƙararta. A wannan shekara ce majalisar ƙasar ta yi doka ta buɗe ƙofar. A 1918 kuma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa ana iya ƙarar ɗan kwangilar da yake ƙera wa rundunar ruwa jiragen yaƙi. Franklin Roosevelt, wanda a lokacin yake riƙon ma'aikatar sojan ruwa, ya rubuta wa majalisa cewa 'yan kwangila suna ɗari-ɗarin karɓar aiki saboda tsoron shari'a. Nan da nan aka gyara dokar a wannan shekara.

Ga yadda gyaran ya tsaya. In gwamnati ta yi amfani da ƙirƙirar wani, ko ɗan kwangila ya ƙera mata da izninta da amincewarta, to, mai ƙirƙira ba shi da ikon bin ɗan kwangilar, sai dai ya yi ƙarar ita gwamnatin. Kotu guda ce take sauraren irin wannan ƙara, watau Kotun Neman Haƙƙi Daga Gwamnatin Tarayya da ke birnin Washinton, wadda asalinta ya faro tun 1855. Alƙali shi kaɗai yake zama, babu masu taya shi yanke hukunci daga cikin jama'ar gari. Har wa yau kotun ba ta da ikon hana gwamnati ci gaba da amfani da abin. Iyakar abin da mai ƙara zai samu shi ne diyya ta kuɗi wadda ta dace kuma ta cika.

Kada a ɗauka kuɗin nan ƙanana ne. Kamfanin Hughes mai ƙera jiragen sama ya yi ƙarar gwamnati a 1973 a kan wata dabara da injiniyansa Donald Williams ya ƙago ta daidaita tauraron ɗan Adam yana sararin samaniya. An shafe shekara 26 ana tafka wannan shari'a. A 1994 alƙali ya yanka wa kamfanin kashi 1 cikin 100 na kuɗin taurarin da abin ya shafa, wanda tare da kuɗin ruwa na jinkirin biya ya kama dala miliyan 114, kuma da aka kammala a 1999 kuɗin sun kai dala miliyan 154. Masu biyan haraji ne suka ɗauki wannan nauyi, saboda haka suna da haƙƙin su tambayi yadda aka kai ga wannan adadi.

ƘOFOFI BIYAR DA LABARI KE MAƘALEWA

A ƙa'ida kotunan Amurka a buɗe suke. Kotun Ƙolinsu ta faɗa a 1978 cewa jama'a suna da haƙƙin duba takardun kotu da kwafarsu, amma ta ƙara da cewa wannan haƙƙi yana da iyaka. Akwai kuma wata hanya ta intanet da ake samun takardun kotunan tarayya, ana biyan santi 10 a kan kowane shafi. Sai dai abin da aka ajiye a kundin kotu shi kaɗai ake samu a can, kuma yawancin abin da ake yi a irin wannan rigima ba ya shiga kundin. Akwai ƙofofi biyar da labarin yake maƙalewa.

Ta farko ita ce koke ga ma'aikata. Mai ƙirƙira yana iya rubuta wa ma'aikatar da ta yi amfani da abinsa, misali ma'aikatar tsaro, ya nemi a biya shi ba tare da an je kotu ba. In an daidaita a nan, ko an ƙi shi ya haƙura, babu wata ƙara da za a rubuta a littafin kotu, balle wani ya gani.

Ta biyu ita ce musayar takardu. Bayan an shigar da ƙara, kowane ɓangare yakan tilasta wa ɗaya ya miƙo takardunsa, da zane-zanen injiniyoyi, da lissafin sayayya, sa'an nan a yi wa shaidu tambayoyi bisa rantsuwa a ofishin lauya. Nan ne ainihin ƙashin bayan shari'ar yake, kuma yakan ɗauki shekaru. Amma dokar kotu ta ce ba a ajiye waɗannan takardu a kundi sai wanda aka yi amfani da shi a gaban alƙali. A 1984 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa wannan mataki ba ya cikin sassan shari'a da suke a buɗe ga jama'a.

Ta uku ita ce umurnin kariya. Tun da wuri alƙali yakan sa hannu a kan umurnin da ya bai wa kowane ɓangare damar yi wa takardunsa alamar sirri. Sau da yawa lauyoyi da ƙwararrun da aka ɗauko su kaɗai ne suke da iznin karanta irin waɗannan takardu, har shi kansa mai ƙarar yana iya rasa ganin abin da lauyansa ya gani. In an kawo su gaban kotu, a rufe ake kawo su. Hukuncin alƙali ma yakan fito a rufe tukuna, a bai wa ɓangarorin 'yan kwanaki su nuna wuraren da suke so a shafe, sa'an nan a fitar da na jama'a da giɓi a wuraren farashi, da yawan kaya, da yadda na'urar take aiki.

Ta huɗu ita ce sulhu. Ƙararraki da yawa ba sa kai wa ga hukunci. A nan akwai ɗan haske, domin ƙa'idar ma'aikatar shari'a ta Amurka ita ce kada ta yi sulhu a ɓoye sai da wani babban dalili. Ana biyan kuɗin daga wani asusu na baitulmali da aka kafa a 1956, kuma wata doka ta 2019 ta wajabta a sanar da sunan wanda aka biya, da ma'aikatar da abin ya shafa, da adadin kuɗin, cikin kwana 30, sai fa in doka ko kotu ta hana. To, amma adadi kawai ake gani. Ba za a san ko lalle an keta haƙƙin ba, ko na'urori nawa aka ƙera, ko da wane ma'auni aka yi lissafi, tun da alƙali bai yanke komai ba.

Ta biyar ita ce ɗaukaka ƙara. Kotun da take sauraren ɗaukaka ƙara a kan mallakar ƙirƙira, wadda aka kafa a 1982, tana da wata ƙa'ida mai lamba 36 da ta ba ta damar tabbatar da hukuncin ƙaramar kotu ba tare da ta rubuta dalili ba. Lauyoyi su rubuta hujjoji shafi bisa shafi, su tsaya su yi bayani, amsar kuwa ta fito a kalma guda mai nufin an tabbatar.

ASIRIN ƘASA

Waɗannan ƙofofi biyar ana samun yawancinsu ko a shari'ar kamfani da kamfani. Akwai ta shida wadda gwamnati kaɗai take riƙe da makullinta, ita ce ikon hana fitar da hujja da sunan asirin ƙasa.

Asalin yadda ake aiki da wannan iko a yau ya samo daga wani haɗarin jirgin sama. A watan Oktoba na 1948 jirgin yaƙi samfurin B-29 ya fāɗi a jihar Jojiya yana gwajin wasu na'urori na sirri, mutum 9 suka mutu. Matan injiniyoyi farar hula guda uku da suka rasu suka yi ƙarar gwamnati, suka nemi rahoton binciken haɗarin. Rundunar sojan sama ta ƙi bayarwa, ta ce akwai asirin soja a ciki. A 1953 Kotun Ƙoli ta goyi bayan gwamnati a shari'ar da aka sani da sunan Reynolds, ba tare da alƙalan sun karanta rahoton ba. Bayan shekaru masu yawa aka cire wa rahoton hatimin sirri, kuma a shekarar 2000 'yar ɗaya daga cikin mamatan ta same shi. Babu bayanin yadda na'urorin sirrin suke aiki a cikinsa. Abin da ya ƙunsa shi ne labarin injin da ya kama da wuta da sakaci wajen gyaran jirgin. Iyalan sun koma kotu, amma a 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi sake buɗe maganar.

Ga yadda wannan iko ya taɓa masu ƙirƙira. Wasu mutum uku sun ƙago wani mahaɗi na haɗa bututu ko waya a ƙarƙashin ruwa, suka sami takardar mallaka, suka kafa ɗan ƙaramin kamfani mai suna Crater. A 1998 kamfanin ya yi ƙarar babban kamfanin sadarwa na Lucent a kotun tarayya ta jihar Misuri, yana zargin an yi amfani da mahaɗin a wani aikin kwangila. A 1999 gwamnati ta shigo cikin shari'ar, sakataren sojan ruwa Richard Danzig ya ba da shaida a rubuce cewa bincika maganar zai tona asirin ƙasa. Shaidar kashi biyu ce, ɗaya ta fili, ɗaya kuma alƙali kaɗai ya gani. Aka hana kamfanin Crater neman duk wani bayani a kan ko an ƙera mahaɗin ko an yi aiki da shi domin gwamnati. Aka kori ƙarar mallakar bisa dokar nan ta 1918, tun da aikin na gwamnati ne, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2001. Takardu wajen 26,000 ne hanin ya shafa. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta amince an yi amfani da ikon bisa ƙa'ida, ko da yake ta mayar da sauran ƙarar a sake dubawa, a 2007 kuma ƙaramar kotu ta bai wa Lucent gaskiya. Wanda ya karanta hukunce-hukuncen nan zai ga sunaye da ranaku da muhawarar lauyoyi, amma ba zai ga mene ne aikin ba, ko inda aka yi shi.

Haka kuma kamfanin Zoltek ya yi ƙarar gwamnati a 1996 a kan hanyar sarrafa wani zaren gawayi da ya ce an yi amfani da ita a jiragen yaƙi samfurin B-2 da F-22. Gwamnati ta kawo maganar asirin ƙasa, kotu ta ware tambayar ko an keta haƙƙin ta ajiye gefe, ta fara da tambayar ko takardar mallakar tana da inganci. Sai a 2016, shekara 20 da shigar da ƙarar, kotun ɗaukaka ƙara ta ce takardar tana nan daram.

ƘIRƘIRAR DA BA TA FITO BA

Daɗin daɗawa, akwai ƙirƙirar da ake rufewa tun kafin ta sami takarda. Wata doka ta 1951 ta bai wa ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka iko, bisa shawarar hukumomin tsaro, ya ɗora umurnin sirri a kan takardar neman mallaka. In aka yi haka, ba za a buga ta ba, ba za a ba da mallakar ba, kuma in mai ita ya bayyana ta da gangan ana iya cinsa tarar da ta kai dala 10,000, ko ɗaurin da ya kai shekara 2, ko duka biyu. Umurnin na shekara guda ne, amma ana sabunta shi. Tsakanin 2010 da 2019, a kowace shekara akwai irin wannan umurni sama da 5,000 da suke aiki. Doka ta ba mai ƙirƙirar damar neman diyya, amma wahalar a fili take, domin zai tabbatar da hasarar da ya yi a kan abin da aka hana shi nuna wa kowane mai saye.

DALILAN ƁOYEWA DA ILLARSA

Ba daidai ba ne a ce duk wannan rufa-rufa zalunci ce. Ƙasar da ta baza zanen makamanta a kundin kotu ta miƙa shi ga abokan gabanta ne. Kamfanin da aka tilasta wa ya kawo farashinsa da dabarun masana'antarsa yana da haƙƙin kada abokan gasarsa su kwashe su a banza. In babu umurnin kariya, kowane ɓangare zai riƙa jan ƙafa wajen miƙa takardu, shari'a ta ƙara tsawo.

Amma illar ma ba ƙarama ba ce. Mai ƙirƙira ya bayyana nasa duka, wanda yake ƙara kuwa yana iya rufe nasa. Ƙaramin mai ƙirƙira da yake tunanin shiga kotu ba ya samun isassun misalai da zai auna ƙarfin ƙararsa da su. Masu biyan haraji ba sa iya tantance ko an biya fiye da kima ko an danne wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Labarin jirgin 1948 kuma ya nuna cewa ana iya fakewa da sunan asiri a rufe kuskure. Saboda irin wannan koke-koke ne a 2009 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta kafa ƙa'ida cewa ba za ta kare da'awar asirin ƙasa a kotu ba sai babban lauyan gwamnati da kansa ya amince.

YADDA ABIN YA SHAFI NIJERIYA

Nijeriya ma ta yi tanadi a kan wannan batu. Dokar mallakar ƙirƙira da zane ta 1970 ta ba da wa'adin shekara 20, ta kuma bai wa Minista iko, in ya gamsu cewa amfanin jama'a ne, ya ba da iznin a saya, ko a ƙera, ko a yi aiki da abin da wani ya yi wa rajista domin hidimar wata hukumar gwamnati. Babbar Kotun Tarayya ce take sauraren ƙararrakin mallakar ƙirƙira. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a yi shari'a a bainar jama'a, amma ya ƙara da cewa in Minista ko Kwamishina ya gamsar da kotu cewa bayyana wani al'amari zai saɓa wa amfanin jama'a, sai a saurari shaidar wannan al'amari a keɓe. A lura da kalmar gamsarwa, domin tana nufin kotu ce mai yanke magana. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta bai wa kowa damar neman takardu daga hukuma, a amsa masa cikin kwana 7, amma ita ma ta keɓe abin da zai cutar da tsaron ƙasa da kuma asirin kasuwanci na wasu.

ABIN DA YA KAMATA A RIƘE

Mai ƙirƙira, ko makeri ne, ko malamin jami'a, ko injiniya, ya kamata ya adana nasa shaidu da kansa: zanensa da kwanan wata, da wasiƙun da ya aika, da sunan ofishin da ya nuna wa abinsa da ranar da ya nuna. Kada ya miƙa samfuri ga wata hukuma ko ɗan kwangila sai da yarjejeniya a rubuce, domin ran da rigima ta tashi, takardun ɗaya ɓangaren suna iya zama a bayan ƙofar da ba za ta buɗu ba.

Mai karanta labarin shari'a kuma ya sani cewa abin da ya gani a jarida ko a kundin kotu ɗan yanki ne. In an ce an kori ƙara, ya tambaya ko an kore ta ne bayan an duba hujja, ko kuwa domin an hana kawo hujjar. In an ce an biya diyya, ya tambaya ko hukunci ne ko sulhu. Shirun kundi ba ya nuna gwamnati ta yi laifi, ba ya kuma wanke ta. Wanda yake son sanin abin da kotu ta faɗa, ya je wurin magatakardan kotun ya nemi kofen hukuncin mai hatimi, ya biya kuɗin da aka ƙayyade, ya karanta da idonsa.